Jinkirin da Ido Ba Ya Gani

Ranar da Kawu ya kira ni, saura kwana goma sha tara a ɗaura auren 'yar wani maƙwabcinsa, kuma shi ne ya karɓi aikin kayan ɗakin: gado da sif da madubi, da ƙofofi biyu masu ado. An ba shi rabin kuɗi, ya riga ya sayo katakon madaci da su. Bayan mun gaisa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗan nan, injin ya ƙi tashi. In ka sami hali ka leƙo." Wanda ya san Kawu ya san bai iya neman taimako ba, don haka ban tsaya tambayarsa ko abin na gaggawa ne ba. Da la'asar ina shagon.

Injin da yake nufi na'urar sassaƙa ce ƙirar Sin, mai tebur santimita 60 a 90, wadda ya saya shekara huɗu da suka wuce bayan ya sayar da wani fili. Da ita yake fitar da furanni da dagi a jikin allunan da ake dasawa a ƙofofi da kawunan gado. Ita na'urar lafiyarta ƙalau. Kwamfutar da ke ba ta umarni ce ta mutu: faifan ajiyarta ya sha ƙurar hunturu da garin katako har ya daina juyawa. Manhajar da ke tafiyar da injin ta tafi tare da faifan. Babu kwafi, babu takardar lasisi, dillalin da ya kawo kayan kuwa lambarsa ta daɗe ba ta shiga.

A dangi ni ne "na kwamfuta", saboda aikina gina shafukan intanet ne, kuma na shekara goma ina amfani da Linux. Na dubi wayoyin, na ce wa Kawu ya ba ni kwana biyu. Kwana takwas na yi. Abin da ya cinye sauran kwana shidan shi nake son in yi bayani a wannan makon, domin ya sauya mini fahimtar abin da ake nufi idan an ce kwamfuta tana da kyau.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan na'ura ba ta da wayo ko na anini. Akwai mazari mai juyawa da tsinken sassaƙa a bakinsa, sai ƙananan injina uku da ke tura shi: ɗaya dama da hagu, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Masu sana'ar suna kiran hanyoyin nan X da Y da Z. Injinan ba irin na fanka ba ne da ake ba wuta su yi ta gudu. Taku suke yi. Idan bugun lantarki ɗaya ya zo ta waya, injin ya motsa taku ɗaya ya tsaya. Taku 200 ne ke cika zagaye, wato digiri 1.8 kowane taku. Akwatin da ke ba injin wuta, wanda ake kira direba, yana iya raba kowane taku gida takwas ko goma sha shida don motsin ya yi laushi.

A ce an raba shi gida takwas. Bugu 1,600 ke nan kafin injin ya zagaya sau ɗaya. Injin yana juya wata doguwar sanda mai zare irin na noti, zagaye ɗaya kuma yana matsar da mazari milimita 5. Raba 1,600 gida biyar, ka sami bugu 320 a kowace milimita. Idan kana son tsinken ya yi tafiyar mita 3 a minti, wato milimita 50 a sakan, dole kwamfuta ta aika bugu 16,000 a kowane sakan, a hanya ɗaya kaɗai. Tsakanin bugu da bugu akwai maikurosakan 62 da rabi, maikurosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Shi zanen ana rubuta shi ne da wani yare mai suna G-code, jerin umarni gajeru: G0 na nufin ruga zuwa wuri kaza ba tare da yanka ba, G1 yanka a miƙe, G2 yanka a lanƙwashe, M3 kunna mazari. Tunanin ya girmi kwamfutar tebur nesa ba kusa ba. Tun 1952 aka nuna injin sassaƙa ƙarfe da ke karanta lambobi daga tef mai huji a jami'ar MIT ta Amurka, da kuɗin rundunar sojin saman ƙasar. Aikin manhajar da ta ɓace wa Kawu shi ne ta karanta waɗannan layuka, ta lissafa yadda injina uku za su tashi tare, su ƙara gudu tare, su rage tare, sannan ta mayar da lissafin ya zama bugun lantarki a kan kari.

Manhajar da na zaɓa don maye gurbinta sunanta LinuxCNC. Asalinta aikin gwamnati ne. A farkon shekarun 1990 injiniyoyin hukumar awo da ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, suka rubuta ta da sunan EMC, kuma da yake dokar ƙasar ba ta ba gwamnati haƙƙin mallaka a kan abin da ma'aikatanta suka rubuta a bakin aiki ba, sai ta zama ta kowa. Masu ƙananan shaguna da masu sha'awa suka ɗauka, suka yi ta gyara da ƙari, suka fitar da EMC2 a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke cewa kana iya karanta asalin rubutun manhaja, ka sauya, ka raba, muddin wanda ka ba shi ma ya sami wannan 'yancin. Daga baya aka sauya sunan zuwa LinuxCNC saboda akwai wani babban kamfani mai suna EMC. Tana zama ne a kan Linux, uwar manhajar da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, kuma galibi a kan reshen Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993.

Da na yi wa Kawu wannan bayani a taƙaice, ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi wannan na kyautar, in ya lalace wa za mu kama?" Na so in tambaye shi wa muka kama da na kuɗin ya lalace, amma ba a faɗa wa kawu irin wannan magana a gaban yaransa. Na ce, "Kawu, wannan ko ya lalace ana iya buɗe shi a ga inda ya lalace." Bai gamsu ba, kuma yana da gaskiyarsa. Ya dai ce in gwada.

Kuskurena na farko na girman kai ne. Kwamfutar cinyata tana da Linux, tana da ƙarfi, sai na ɗauka ita za ta yi. Akwatin injin kuwa yana karɓar umarni ne ta kafar firinta irin ta dā, mai ramuka 25, wadda ta zo da kwamfutar IBM tun 1981 kuma yau ba a ganinta a kwamfutar cinya. Na sayo wayar da ke mayar da USB zuwa kafar firinta. Banza. Kafar dā ba ta da shamaki: manhaja ta rubuta lamba, nan take wutar wani rami ta hau ko ta sauka. USB kuwa motar haya ce, tana tara saƙo ta tashi a lokacinta, a irin waɗannan wayoyi sau ɗaya a milisakan, wato maikurosakan 1,000. Mai buƙatar bugu kowane 62 ba zai jira motar da ke tashi kowane 1,000 ba. Sannan ita wayar yaren firinta take ji, ba a iya taɓa ramukanta ɗaya bayan ɗaya.

Ko da a ce kafar tana nan, Linux ɗin da ke kwamfutata ba zai yi ba. A tsakiyar kowace uwar manhaja akwai abin da ake kira kanel, ƙwayar da ke raba lokacin ƙwaƙwalwar kwamfuta tsakanin ayyuka. Kanel na yau da kullum kamar mai shayi yake da safe: wannan na son biredi, wancan na son ƙwai, wani na neman canji, shi kuma burinsa ya sallami mutane da yawa ba tare da an bar kowa a baya ba. Idan ya tsaya ya ƙarasa soya ƙwai kafin ya miƙa maka kofinka, ba ka yi asarar komai ba. Haka idan bidiyo ya makara da milisakan biyar, idonka ba zai gani ba. Amma injin taku ba mai shan shayi ba ne.

Abin da ya fi kama da aikinsa shi ne lugude. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Ba wadda ta fi ƙarfi ake nema ba, kuma ba wadda ta fi sauri ba. Ana neman wadda taɓaryarta ke sauka a lokacinta, kowane karo. Wadda ta daka sau ɗari tara da casa'in da tara daidai ta makara a na dubu, taɓare sun haɗu, hatsi ya zube, wataƙila wani yatsa ya tafi. Ba wanda zai yaba mata da cewa yawanci tana kan kari. Injin taku da ke cikin gudu yana da nauyin tafiya. Idan bugu ya tsaya na ɗan lokaci sannan ya dawo, ƙarfen da ke juyawa da maganaɗisun da ke jansa sai su saɓa, injin ya yi ƙara ya tsallake taku. Mafi muni kuma, irin waɗannan injina ba su da hanyar gaya wa kwamfuta cewa sun tsallake. Ita tana can tana lissafi a kan cewa tsinken yana inda ta tura shi, alhali yana wani wuri.

Maganin shi ne kanel mai alƙawari, wanda idan lokacin aikin injin ya yi zai ajiye duk abin da ke hannunsa. Akwai hanyoyi biyu da LinuxCNC ta daɗe tana bi. Ɗaya ita ce RTAI, daga jami'ar fasaha ta Milan a Italiya, wadda ke ɗora wani ƙaramin mai tsaro a ƙarƙashin Linux, ya mayar da Linux ɗin gaba ɗaya aikin da ake yi idan an sami sarari. Ɗayar ita ce PREEMPT_RT, gyaran da Ingo Molnar da Thomas Gleixner da wasu suka yi wa kanel ɗin kansa don a iya katse shi kusan a ko'ina. Wannan gyara ya yi kusan shekara ashirin a waje, kowa na liƙa shi da kansa, sai a 2024 aka shigar da shi cikin Linux na asali a fitowa ta 6.12. Mai son sauƙi ba sai ya liƙa komai ba: masu kula da LinuxCNC sun haɗa fayil guda da ya ƙunshi Debian 12 da kanel mai PREEMPT_RT da LinuxCNC 2.9.

Shi na sauke cikin dare, lokacin da data ke araha. Na gwada lambar tantancewarsa da wadda ke shafinsu, domin fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan yi kamar lafiyayye sai an yi nisa. Na rubuta shi a filashi, na aro wata kwamfutar tebur mai ƙarfi daga wurin abokina, na saka mata katin kafar firinta, na tashe ta daga filashin. Girkawar kanta ba ta da labari: zaɓi yare, zaɓi faifai, sa kalmar sirri, jira. Bayan ta tashi na buga uname -a a baƙin allo, na ga PREEMPT_RT a cikin amsar, na san kanel ɗin da ake so ne ke aiki.

Sai gwajin da komai ya rataya a kansa, wani ɗan shiri mai suna latency-test. Yana tayar da ayyuka biyu, ɗaya ya farka kowane maikurosakan 25, ɗaya kowane milisakan, ya riƙa auna yadda kowannensu ke makara. Ba ya nuna maka matsakaicin jinkiri. Mafi munin wanda ya taɓa gani yake riƙewa, lambar kuma ba ta sauka, sai dai ta hau. Littafin jagorar manhajar ya ce idan lambar ba ta wuce maikurosakan 15 zuwa 20 ba, kwamfutar ta yi kyau ƙwarai. Daga 30 zuwa 50 za a iya aiki amma gudun zai ragu. Idan ta kai 100, kwamfutar ba ta dace da aika bugu da kanta ba. Ya kuma ce a wahalar da kwamfutar yayin gwajin, a buɗe shafuka, a kwafi manyan fayiloli, a kunna hotuna masu motsi, kuma a bar shi ya daɗe.

Ni minti uku na ba shi. Lambar ta tsaya wajen 20, na rufe, na ce alhamdulillahi.

Kwana biyu na gaba a tsugune na yi su, da mita a hannu. Daga ramuka 25 na kafar, takwas na ƙasa ne, 12 na fitar da saƙo, biyar na karɓa. Kowace hanya tana cin rami biyu, ɗaya na taku, ɗaya na faɗin alƙibla. Na karɓa kuma su ke jin makunnan iyaka da jan maɓallin gaggawa. Babu takardar da ta ce wane rami ne na wa, don haka na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya daga allon rarraba su zuwa direbobi, babban yaron shagon yana riƙe mini tocila yana rubutawa. Wani shiri mai suna Stepconf yana tambayar duk waɗannan, har da lambar da gwajin jinkiri ya bayar, sai ya rubuta fayiloli biyu. Ɗaya, mai ƙarewa da ini, yana ɗauke da tsawon tebur da iyakar gudu da yawan bugu a milimita. Ɗayan, mai ƙarewa da hal, shi ne zanen wayoyi a rubuce: saƙo kaza ya fita ta rami kaza. Duka biyun rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa ya karanta, kuma wannan ne abin da na fi so a duk tsarin. Tsohuwar kwamfutar ta shekara huɗu tana riƙe da waɗannan lambobin, ba wanda ya taɓa ganinsu.

Da na danna maɓallin ɗaga mazari, sai ya nufi ƙasa. Allah ya sa hannun yaron na kan jan maɓalli, kuma mun cire tsinken tun farko. Alƙiblar Z a juye take, gyaranta alama ɗaya ce. Sannan na umarci X ta yi tafiyar milimita 100. Kawu, wanda tun safe yake yi kamar ba ya kallonmu, ya zaro tef ɗinsa ya auna, ya ce, "Hamsin." Na ce ba zai yiwu ba. Ya miƙo mini tef ɗin bai ce komai ba. Hamsin ɗin ce. Ƙananan makunnan da ke jikin direba an saita su a raba taku gida goma sha shida, ni kuma na rubuta takwas. Ina iya gyara lambar zuwa 640 a milimita, amma hakan na nufin bugu 32,000 a sakan, tazarar ta koma maikurosakan 31, abin da ya yi wa kafar firinta ƙunci. Sai na mayar da makunnan takwas. Aka sake aunawa, ɗari cif.

A rana ta biyar muka ɗora allon madaci na gaske, da zanen dagin da zai zauna a tsakiyar kan gado. Dagi zane ne mara yafiya, domin layi ɗaya ne ke shiga yana fita yana ratsa kansa, kuma dole ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa. Injin ya kama aiki da azahar, zafi ya cika shagon. Can wajen minti arba'in wani ɗan saƙo ya fito a kusurwar allo yana cewa an sami jinkirin da ba a zata ba, a sake gwada kwamfutar. Na dubi injin, yana tafiya, na rufe saƙon. Ban san cewa wannan gargaɗi sau ɗaya yake fitowa a kowane zama ba, ko da matsalar ta maimaitu sau hamsin. Da tsinken ya dawo inda ya fara, layukan biyu suka wuce juna da tazarar da ta kai kaurin ashana. Kawu ya sa farce a wurin, ya ɗaga allon, ya jingine shi a bango fuskarsa na kallon bango. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi. Allon nan kuɗin mutane ne, kuma saura kwana goma sha huɗu.

Daren nan na bar gwajin jinkiri yana aiki har safe, da kuma yinin da ya biyo baya. Lambar takan zauna wajen 20 na tsawon lokaci, sai kwatsam ta yi tsalle ta haura 200. Jinkirin maikurosakan 200 ya fi lokacin taku uku. Kanel ɗin bai karya alƙawari ba, ƙwace masa lokacin ake yi. A ƙarƙashin kowace uwar manhaja akwai wata manhajar da kamfanin da ya ƙera allon kwamfutar ya dasa, wadda muke kira BIOS, kuma tana da ikon tsayar da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ta yi wani aikinta, kamar duba zafi ko kula da kafofin USB, ba tare da Linux ya sani ba. Masu sana'ar suna kiran wannan katsewa SMI. Ƙari a kan haka, kwamfutocin zamani an ƙera su su riƙa gyangyaɗi don tsimin wuta: da sun ga sarari sai su rage gudu ko su kashe wani sashe, farkawar kuma tana cin lokaci. Duk dabarun da suka sa kwamfutar ofis ta yi sanyi ta yi shiru, su ne ke sa ta makara a lugude. Shi ya sa ma kwamfutar cinya, wadda rayuwarta duka tsimin batir ce, ta fi kowacce rashin dacewa.

Na shiga BIOS na kashe duk abin da ya shafi tsimin wuta da sauya gudu. Na ƙara kalmar isolcpus a layin tayar da kanel, don a ware ɗaki ɗaya na ƙwaƙwalwar ya zama na injin kaɗai. Abin ya ragu, amma tsallen bai daina zuwa ba, musamman da rana. A nan ne yaron shagon ya ce akwai wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiya, wadda Kawu ya karɓa a madadin bashi, ba wanda ya taɓa kunna ta. Ƙaramar aba ce mai ƙwaƙwalwa ɗaki biyu, da kafar firinta a jikinta tun daga masana'anta. Shafin intanet ɗaya sai ta yi nishi kafin ta buɗe. Na hure mata ƙura, na sa mata sabon faifai, na girka tsarin, na kashe abubuwan BIOS, na bar ta da gwaji awa ashirin da huɗu, ina wahalar da ita iyakar iyawata. Lambar ba ta kai 30 ba. Na kwafo fayilolin nan biyu daga ɗayar kwamfutar, na gyara adireshin kafar da lambar jinkiri, injin ya tashi.

Ba zan ce wa kowa ya bi wannan hanya ido rufe ba. Manhajar ba a biyan kuɗinta, amma ni ta ci mini kwana takwas da allon madaci ɗaya, littafin jagorarta kuma ba da Hausa yake ba, kuma yana ɗauka mai karatu ya san lantarki. Ba ta yin zane, sai an fitar da G-code da wata manhajar a wata kwamfutar a kawo a filashi. Kwamfutoci masu kafar firinta suna ƙarewa a kasuwa. Wanda ke da hali gara ya sayi katin da ke fitar da bugun da kansa, irin na kamfanin Mesa da ake haɗawa ta wayar Ethernet. Da shi, kwamfuta sau ɗaya take magana a milisakan, ta ce wa katin ga gudun da ake so, shi kuma ya kula da maikurosakan, don haka jinkirin da ya ɓata mana allo ba zai dame shi ba. Da lokaci bai ƙure mana ba, shi zan sa a yi oda. Amma ko da katin, kanel mai alƙawari da dogon gwaji suna nan daram.

Akwai kuma abin da babu littafin da zai tuna maka sai ka zauna a shago irin na Kawu, wato wuta. Idan aka ɗauke ta a tsakiyar aiki, kwamfuta ta manta inda tsinken yake. Mun sa wa kwamfutar batirin ajiya, mun gyara makunnan iyaka guda biyu da suka daɗe da mutuwa, don injin ya riƙa komawa kusurwarsa ya gane mafarinsa duk lokacin da aka kunna. Da wannan, idan janareta ya tashi ana iya ci gaba daga layin da aka tsaya, a kan allo ɗaya, layin ya faɗa cikin tsohon raminsa. Na kuma hana kwamfutar intanet. Sabunta manhaja abu ne mai kyau a ofis, amma a nan sabon kanel na iya zuwa da sabon jinkiri, kuma ba a gane hakan sai a jikin katako.

A rana ta takwas muka ɗora sabon allo. Awa biyu da 'yan mintuna injin ya yi yana kuka, ni ina kallon kusurwar allon kwamfuta, Kawu yana can yana goge ƙafar gado kamar abin bai shafe shi ba. Da mazarin ya ɗaga ya koma gefe, ya taso, ya hure garin katakon, ya bi layin dagin da farcen babban yatsansa tun daga farko har inda ya dawo. Farcen bai maƙale ba. Ya ce wa yaron, "Ɗauko na ƙofar." Ni kuma ya ce, "Ka ci abinci kuwa?"

An kai kayan a a-kori-kura ranar Alhamis, ana jibi ɗaurin aure. Kafin in bar shagon na buga fayilolin nan biyu a takarda, shafi huɗu, da jerin ramuka da launin wayar kowanne a rubutun yaron, muka sa a leda muka liƙa a cikin murfin akwatin injin. Kwafi ɗaya yana filashi a aljihun Kawu, ɗaya yana wurina. A jikin tsohuwar kwamfutar kuma, da na ga ɗaya daga cikin ƙananan yaran yana laluben kafar USB da wayar cajinsa, na sa aka manna takarda da manyan baƙaƙe: ba a cajin waya a nan, ba a sa waƙa.